A ba masu jinyar ciwon Marfan da danginsa fili a shirin lafiya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na daɗe ina sauraron shirinku na lafiya, kuma ina yaba yadda kuke dagewa kan hawan jini da ciwon suga da sikila. Sai dai akwai marasa lafiyar da ban taɓa jin an ambaci ciwonsu a shirin ba, ɗana yana cikinsu, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Shekararsa 16. Tun yana ƙarami ya fi sa'o'insa tsayi, yatsunsa dogaye sirara, ƙirjinsa ya ɗan lotsa. Duk wanda ya gan shi sai ya ce tubarkalla, tsayin dangin ubansa ya ɗauko. Kowace shekara sai mun canza masa tabarau, har wani likitan ido ya duba da kyau ya ce madubin cikin idon ya goce daga mazauninsa. Ya sa shi ya kwantar da babban yatsa a tafin hannu ya dunƙule. Da idona na ga kan yatsan ya leƙo ta ɗaya gefen. Likitan ya yi jim, ya rubuta mana takardar hoton zuciya. Ranar na fara jin sunan ciwon Marfan.

Ga yadda na fahimce shi daga baya. A jikin mutum akwai wani irin zare da ke ɗaure fata da gaɓoɓi da jijiyoyin jini da ƙashi wuri guda. Idan zaren ya zo da rauni tun daga halitta, duk inda yake aiki sai ya saki. Wani likitan yara a Faransa, Antoine Marfan, ya fara bayyana ciwon a 1896, kuma ana ƙiyasta mutum ɗaya cikin 5,000 na ɗauke da shi. Tsayi da ido kowa na gani. Abin tsoron yana ciki: babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya tana faɗaɗa a hankali, ba zafi ba ciwo, har wata rana ta tsage. Haka ya faru da Flo Hyman, 'yar wasan ƙwallon raga ta Amurka, wadda ta faɗi ana tsakiyar wasa a Japan a 1986. Sai bayan rasuwarta aka gano ciwon.

Amma ana rayuwa da shi, har a tsufa. Hoton zuciya kowace shekara, maganin da ke rage wa jijiyar bugu, barin ɗaukar kaya masu nauyi da wasannin bangaje-bangaje, sannan tiyata idan faɗin ya kai wani mizani. Kuma ciwon gado ne: idan uwa ko uba na da shi, kowane ɗa rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira. Da muka ji haka muka kai maigidana da sauran yaran aka duba su, aka samu uban ma yana da shi. Ƙaninsa ya rasu farat ɗaya yana ɗan shekara talatin da ɗoriya, muka ce ajali. Ajali ne kam, amma da wani ya taɓa faɗa mana a rediyo, da mun kai shi hoto.

Mafi yawan abin da na sani yau a kan bencin jiran likita na koye shi. A nan na haɗu da wata baiwar Allah mai jinyar 'yarta da lupus, ciwon da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin. Cikin masu shi goma, tara mata ne. Zazzaɓi ya tafi ya dawo, gaɓoɓi su kumbura, rana ta tayar da ƙurajen fuska, ƙoda ta taɓu, amma a gida ana cewa yarinyar son jiki ne da ita. Wata kuma ɗanta ƙashinsa gautsi gare shi, ana sa masa riga hannu ya karye, har aka fara kallonta da zargin duka. Ita ce ta ba ni shawarar in buɗe littafi in riƙa rubuta awon jijiyar ɗana duk zuwa, in kuma sa masa kati a aljihu mai cewa ciwon ƙirji ko na baya da ya zo kwatsam maganar gaggawa ce. Likita minti goma gare shi, ba laifinsa ba ne.

Roƙona biyu ne. Ku ware mana shiri ko da sau ɗaya a wata, ku kawo likitan zuciya da na ido da na gaɓoɓi su yi bayani da Hausar da kowa zai gane, har da batun juna biyu, don mace mai Marfan haɗarinta yana ƙaruwa da ciki. Ranar 10 ga Mayu, ranar lupus ta duniya, ta isa mafari. Sannan ku bar layi a buɗe ga masu jinya su yi magana da bakinsu, don gajiyarmu ba a cika tambayarta ba, kuma malaman makaranta su ji. Malamin motsa jikin ɗana wata uku na yi ina fama da shi kafin ya yarda ba lalaci ke hana yaron ɗaga ƙarfe ba.

Yanzu mu shida ne muke kiran juna a waya. In kuka buɗe fili, a shirye muke mu zo.

Wassalam,
Wata uwa mai sauraronku