Ranar da kati goma sha huɗu suka bi ɗaya

Garwa, 28 ga Afrilu, 2021

Aminina Bashir,

Assalamu alaikum. Ya ibada, ya iyali, ya mutanen Kano? Ina fata Umma ta samu sauƙin ƙafar nan. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Ka dai san Garwa a Afrilu, balle ga azumi: tun da hantsi kwanon ɗaki yake fara ƙara, Binuwai ya ja baya ya bar wa yara rairayi, bayan azahar kuwa ko akuya ba ta son motsi.

Na san za ka ce sai da matsala nake tunawa da kai. To wannan karon matsalar ta riga ta wuce, labarinta zan ba ka, don rabin laifin naka ne.

Ka tuna Alhajin nan dillalin albasa da na yi wa shafin intanet shekara biyu da suka wuce? Wanda yake tura kaya Yawunde da Duwala, wani lokaci har Kuseri. Na rubuta masa wani ɗan fulogin, wato ƙaramin ƙari, a kan WordPress, manhajar da ake gina shafuka da ita; allo ne mai gida uku: kayan da ke sito, kayan da aka loda, kayan da suka isa. Kowace oda kati guda ce, da sunan mai kaya da yawan buhuna. Idan an gama loda wa mutum, akawunsa ya kama katin da linzami ya ja shi zuwa gida na biyu ya saki, shi ke nan. Da jQuery UI na yi shi, laburaren kod da aka gina a kan jQuery, sashen nan na ja da ajiyewa da ake kira sortable. Shekara biyu abin nan bai taɓa yin tari ba, har na manta da shi.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, ina kwance bayan la'asar ina lissafin saura awa nawa a sha ruwa, sai ga wayar Alhaji. Ko gaisuwa bai tsaya mun gama ba. Wai wani mai saye a Duwala an gaya masa kayansa sun taso, alhali buhunan suna nan jibge a sito ko ɗinke bakinsu ba a yi ba. Na hau babur na tafi. Na tarar da akawun, yaro ne mai hankali, ya yi zuru-zuru kamar wanda aka kama da sata. Ya ce, "Malam, wallahi ɗaya na ja." Na ce ya sake ja in gani. Ya ɗora linzami a kan kati na shida, ya danna, ya ja. Bashir, duk katunan gidan suka tashi gaba ɗaya suka bi shi, kamar ka ɗaga ƙwarya ɗaya daga jeren amarya sauran su biyo ta. Da ya saki, fulogin ɗin ya yi abin da na koya masa, ya rubuta duk abin da ya gani a gida na biyu a matsayin an loda. Oda goma sha huɗu aka yi wa haka da safe.

Na tambaya ko an taɓa wani abu. Aka yi shiru, can ɗan Alhaji ya ce shi dai ya ga jan rubutu yana cewa a sabunta, ya danna. Ban ga laifinsa ba. Shafin yana kan WordPress 5.4 tun bara, ni ne ya kamata in sabunta shi ban yi ba. Dannawa ɗaya ta kai shi 5.7, a tsakanin kuwa akwai 5.6 ta Disambar 2020, wadda ta ɗauke jQuery daga 1.12.4 ta kai shi 3.5.1, jQuery UI kuma daga 1.11.4 zuwa 1.12.1. Tsalle ne ba ƙarami ba.

Na ce su koma littafi da biro zuwa Litinin. Alhaji ya ce dama shi littafinsa bai taɓa loda albasar da ba a loda ba. Na haɗiye.

Daren farko a banza ya tafi. Tunda ja da ajiyewa ne ya lalace, sai na ɗora wa jQuery UI laifi kai tsaye. Na karanta bayanin canje-canjensa, na sauya zaɓuɓɓukan sortable ɗaya bayan ɗaya, har na cire Touch Punch, ɗan ƙarin nan da ke sa jan ya yi aiki da yatsa a waya, ko shi ne. Babu abin da ya canza. Abin da ya fi ba ni haushi, konsol, inda burauza take nuna kurakurai, fes yake, ko jan layi ɗaya babu. Da kuskure ya fito ai da sauƙi, ka san inda za ka dosa. Sannan na yi wata wauta: na gwada da kati ɗaya tak a gidan, na ja, ya tafi lafiya, na ce alhamdulillahi na gyara. Da na ƙara na biyu sai suka tafi tare. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, batirin kwamfutata kuwa ka san shi, minti arba'in ne ransa. Na fita tsakar gida na kwanta a tabarma har sahur.

Washegari bayan tarawihi na yi abin da ya kamata in fara da shi. Na danna dama a kan kati na buɗe kayan binciken burauza, na kalli ginin shafin kansa maimakon in yi ta zargin laburare. Ina sa ran ganin kati goma sha huɗu a jere, kowa da layinsa. Sai na ga guda ɗaya, da ɗan kibiya a gefensa. Na buɗe shi, ga na biyu a cikinsa. Na buɗe na biyu, ga na uku. Haka na yi ta dannawa rubutun yana matsawa dama, yana matsawa, har ya fita daga allon. Ashe ba jere suke ba, kowane kati a cikin cikin na gabansa yake zaune. Shi kuwa sortable 'ya'yan da ke manne da gidan kai tsaye kaɗai yake ɗauka a matsayin abin ja, don haka a wurinsa kati ɗaya ne a gidan, babban nan na waje. Duk wanda ka kama, uwar ce take tashi da 'ya'yanta. A ido kuma ba a gani, saboda ban ba katunan tazara ta gefe ba, layi ne kawai a saman kowanne, sai suka fito tamkar yadda suke a da.

Yanzu ga inda ka shigo. Na koma inda nake ƙera katunan, na ga ina haɗa su a zare ɗaya, kowanne a rubuce haka: `<div class="kati"/>`, sannan in miƙa wa jQuery duka a lokaci guda, daga baya in zuba sunaye. Wa ya koya mini rufe div, akwatin da ake zuba abubuwa a ciki a HTML, da wannan 'yar karkatacciyar sanda? Wani mutum ne a ɗakinmu na Dang, lokacin muna jami'ar Ngaundere, yana cin gyaɗa yana ce mini masu iyawa ba sa wahalar da yatsunsu. Ban faɗi suna ba.

Gaskiyar maganar, a HTML wannan rufewar ba rufewa ba ce. Irin su br da img da input ne ba sa bukatar abokin rufewa, tunda ba sa ɗaukar komai a cikinsu. Div kuwa, burauza tana ganin sandar ta yi kamar ba ta gani ba, ta bar shi a buɗe, duk abin da ya biyo baya ya faɗa ciki. Ɗabi'a ce da muka ɗauko daga XHTML, wani salon HTML da irin wannan rufewar take aiki a cikinsa. Abin da ya sa muka yi shekaru ba mu ji a jikinmu ba, jQuery ne yake bin bayanmu yana gyarawa a ɓoye: akwai wani aiki a cikinsa, htmlPrefilter, da yake mayar da irin wannan rubutun zuwa buɗewa da rufewa na gaskiya kafin burauza ta gani. A Afrilun 2020, da suka fitar da 3.5.0, suka daina, domin an gano ana iya bi ta wannan gyaran a cusa mugun kod cikin shafin mutane. Ka ga ba su ɓata mini komai ba. Shara ce nake zubarwa a ƙofar gida wani yana kwashewa da asuba, ranar da ya daina zuwa na fito ina neman wanda ya ɓata unguwa. Kati ɗayan da ya ruɗe ni kuma, ai ba shi da na baya da zai haɗiye, dole ya yi lafiya.

Wani abin takaicin, gargaɗin yana nan tun farko. WordPress yana tafe da jQuery Migrate, ɗan ƙarin da ke gargaɗi kan tsohon salon rubutu, amma matsattsen kwafin da ake lodawa a shafi mai aiki bakinsa a rufe yake. Da na kunna SCRIPT_DEBUG a fayil ɗin wp-config, sai ga shi ɓaro-ɓaro yana cewa a rufe tag yadda ya kamata, har da nuna mini rubutun nawa. Minti biyu ke nan da za su fanshe mini dare guda.

Akwai gajeriyar hanya, kuma ba zan ɓoye maka ba, na daɗe ina kallonta. Migrate yana da wani aiki da ke dawo da tsohuwar ɗabi'ar da layi ɗaya, amma sunansa ma da UNSAFE ya fara, da manyan baƙaƙe, wato su da kansu suna ce maka ba ruwansu. Shafin da ke ɗauke da sunayen masu saye da lissafin kuɗin mutum ba wurin wannan ba ne. Na bi fayilolin da bincike, na samu wuri bakwai da na yi irin wannan rubutu, biyar div, biyu span, na rufe kowanne da hannu. Gyaran da ya hana ni barci bai kai harafi hamsin ba. Na kuma gyara wurin ajiyewa, yanzu katin da aka saki kaɗai yake rubutawa, ba duk abin da ya tarar a gidan ba.

Litinin da safe na je da ƙarfin gwiwa, akawu ya ja, duka suka sake tashi. Gabana ya faɗi. Ashe burauzarsa ce ta riƙe tsohon fayil. Na ƙara lambar sigar a inda fulogin yake kiran fayil ɗin, ya sake buɗewa, ya ja kati na shida, na shida kaɗai ya tafi. Yaron ya mayar da shi, ya sake ja, ya sake mayarwa, sai da ya yi sau biyar yana murmushi. Daga nan muka zauna da littafin Alhaji muka mayar da oda goma sha huɗun nan inda suke, ɗaya bayan ɗaya. Alhaji bai ce komai ba, amma da yamma yaronsa ya sauke mini rabin buhun albasa a ƙofar gida. Maman Hafsa ta ce in riƙa ɓata shafin duk wata.

To ka binciki naka. Shafin makarantar nan da ka ce ka yi a Fagge, in har da hannunka ka rubuta shi, na rantse akwai irin wannan a ciki. Ka gwada a kwafi tukuna, kuma da kati fiye da ɗaya.

Maganar zuwanka fa? An ce gasar kofin Afirka a Janairu mai zuwa za a yi, kuma filin Rumde Ajiya yana cikin inda za a buga. Ka biyo ta Yola, ɗaki yana nan, lokacin ma da ɗan sanyi. Ka taho mini da batirin kwamfutar da na yi maka magana, zan turo maka lambarsa ta WhatsApp. Ka gaida Umma, ka ce ina mata sannu, ka gaida amarya da su Abba. Allah ya karɓi ibadarmu, ya nuna mana Sallah lafiya.

Naka,
Hamisu