A duba yadda ake ƙera tankokin mai

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan tankokin man da ke bin hanyoyinmu. Har yau ban manta da gobarar Majiya a Jihar Jigawa ba, cikin Oktoban 2024, inda mutum fiye da 150 suka rasu bayan tanka ta kife. Allah Ya jiƙansu.

An yi ta zargin masu kwasar mai, amma kaɗan ne suka tambayi yadda aka ƙera motar. Ana raba cikin tanka gida-gida, a sa farantan ƙarfe masu tare mai don kada ya riƙa tangaɗi idan direba ya taka birki ko ya sha kwana. Nauyin da kowane gatari da tayoyinsa za su iya ɗauka ma a ƙayyade yake. Lita 60,000 na fetur ya haura tan 40, ban da nauyin motar kanta. Idan mai walda ya ƙara wa tanka tsawo ko tsayi, birkin bai ƙaru ba, tayoyin ma haka, ga ramuka a hanya.

Na yaba da hana lodin tankoki masu lita 60,000 da hukumar NMDPRA mai kula da harkar man fetur ta yi daga 1 ga Maris, 2025. Roƙona shi ne a kafa sikelin awon manyan motoci a depo-depo, kuma jami'an Road Safety su riƙa duba birki da murfin tanka tun kafin mota ta hau titi.

Naka mai karatu,
daga Dutse