Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Damagaram Kan Kuran da Iskar Haidirojin

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara nasara.

Mu talakawanka na Birni, Zango da Garin Malam, cikinmu har da ungozomomi, teloli da masu walda, mun kawo kukanmu gaban uba.

Ranka ya daɗe, ba mu manta da Agustan 2023 ba, lokacin da aka yanke kuran da ke zuwa daga Najeriya. Mata sun haihu da hasken tocila, allurar rigakafi ta lalace cikin firigo. Har yau in bazara ta kama, kuran na ɗaukewa, pampo ya bi bayansa, ƴan garuwa su ƙara kuɗi. Mai hali ya tada gurup ya sha hayaƙin gazuwal, marar hali ya kwana cikin duhu. Ga shi kuwa rana ba ta taɓa yi wa Damagaram rowa ba.

Akwai dabarar ajiye wannan rana. Da kuran na fanno mai aiki da hasken rana ake raba ruwa ya zama iska iri biyu, a tara ɗaya daga ciki, wato iskar haidirojin, cikin tanki. In dare ya yi, ko ƙurar hunturu ta rufe sama kwana da kwanaki, sai a tura iskar cikin wani akwati da ke haɗa ta da iskar da muke shaƙa, ya ba da kuran. Babu hayaƙi, babu ƙara, ruwa da ɗumi kaɗai ke fita. Ba za mu ɓoye wa Sarki ba: kayan na da tsada, iskar na kama wuta da sauri, kuma fiye da rabin kuran na salwanta tsakanin ajiya da fitarwa. Abin da ya ja hankalinmu shi ne tanki na riƙe iskar watanni, alhali kowa ya san yadda zafin garin nan ke cin batir.

Saboda haka muke roƙon Sarki ya kai maganarmu gaban Gwamna da hukumomin makamashi, a yi gwaji a gidan haihuwa guda ɗaya, ɗaliban Jami'ar André Salifou su koyi aikin da hannunsu. Sharaɗinmu ruwa ne. Kilo ɗaya na iskar na cin aƙalla lita 9, mu kuwa garinmu kan dutse yake zaune, daga Gogo da Ganaram ake jawo mana abin sha. A tsara aikin yadda ruwan da akwatin ya fitar za a sake raba shi, kada a taɓa na mutane.

Akwai kuma labarin ƙauyen Burakebugu a Mali. A 1987 masu haƙar rijiya suka tarar da wannan iska a ƙarƙashin ƙasa, a 2012 aka fara haska ƙauyen da ita. Muna roƙon a riƙa auna iskar da ke fitowa duk inda ake haƙa foraji a ƙasar Damagaram.

Sunayenmu da sa hannunmu na haɗe da wannan takarda. Allah ya ja kwana.

Talakawanka masu biyayya,
Damagaram