Kan shirinku na dokokin Rumawa: ɗa daban, bawa daban

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku baki ɗaya.

Na saurari shirinku na tarihi na daren Lahadi, wanda aka tattauna dokokin Rumawan dauri a kan zina da luwaɗi. A teburin mai shayi na ji shi, kuma kafin a rufe shirin teburin ya rabu gida biyu kamar yadda baƙinku suka rabu. Baƙonku na farko ya ce Rumawa ba su da doka a kan wannan sha'ani, kowa na cin karensa babu babbaka, har abin ya ci daularsu. Na biyu ya ce tun fil azal sun haramta shi kamar yadda addini ya haramta. Na daɗe ina koyar da tarihi a sakandare kafin in yi ritaya, kuma cikin girmamawa nake cewa malaman biyu sun auna Rumawa da mudun zamaninmu.

Abin da dokar Rum ta farko take fara tambaya shi ne: wanda aka taɓa ɗin, ɗa ne ko bawa? Mu Hausawa ba ma bukatar dogon bayani a nan, tunda a bakinmu ma in an ce wane ɗa ne, ana nufin ba bawa ba ne. Yaron da aka haifa ɗa a Rum yana rataye da wata laya a wuya da suke kira bulla, don duk wanda ya gan shi ya san taɓa shi laifi ne. Bawa kuwa jikinsa dukiyar ubangidansa ne, namiji ne ko mace, kuma dokar wancan lokacin ba ta leƙa cikin gida ta tambaya.

Marubucin tarihinsu Livy ya kawo wani labari da ya sanya a shekara ta 326 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wani saurayi, Gaius Publilius, yana tsare a hannun mai ba da bashi, Lucius Papirius, saboda bashin mahaifinsa. Papirius ya neme shi da lalata, yaron ya ƙi. Ya yi lallashi, ya yi barazana, daga ƙarshe ya sa aka tuɓe shi aka zane. Yaron ya kufce ya fito titi da bayansa duk shatar bulala, jama'a suka taru suka bi shi har ƙofar majalisar dattawa. Dokar da ta biyo baya ta hana a ɗaure ɗan ƙasa a jinginar da jikinsa saboda bashi. Ku lura da abin da ya fusata taron: an yi wa ɗa abin da ake yi wa bawa.

Dokar da aka fi ambata a wannan babi ita ce Lex Scantinia. Nassinta bai iso gare mu ba, masana ma sun saɓa kan shekarar da aka kafa ta, sai dai ambatonta a rubuce-rubucen mutanen lokacin. Abin da aka fi fahimta shi ne tana hukunta wanda ya lalata yaro ɗa. Wani malamin iya magana, Quintilian, ya ambaci tarar sestas (kuɗin Rumawa) 10,000 a kan irin wannan laifi. Akwai kuma ƙa'idar kotu da ta hana namijin da ya yarda aka yi amfani da shi tsayawa a madadin wani gaban alƙali, amma ta ware wanda 'yan fashi ko abokan gaba suka tilasta wa.

Yadda aka yi amfani da dokar ya fi ba ni mamaki. A shekara ta 50 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani ɗan siyasa, Caelius Rufus, ya rubuta wa abokinsa Cicero cewa Appius Claudius, wanda a lokacin shi ne jami'in kula da ɗa'ar manyan gari, ya shirya a tuhumi shi Caelius da wannan doka a tsakiyar wasannin da Caelius ɗin ya shirya wa jama'a. Mai ƙarar bai gama rufe baki ba Caelius ya miƙe ya tuhumi Appius da ita. Jama'a suka yi ta murna. Sandar siyasa ce kawai a hannunsu. Daga baya sarki Domitian ma ya hukunta wasu 'yan majalisa da ita.

A soja abin ya fi tsauri. An ruwaito cewa wani ƙaramin soja ya kashe hafsansa da ya neme shi da ƙarfi, kuma hafsan ɗan 'yar'uwar babban kwamanda Marius ne. Marius ya saurari shari'ar, ya wanke sojan, har ya naɗa masa kambin yabo.

Zina kuwa sai a shekara ta 18 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) sarki Augustus ya fitar da ita daga hurumin gida ya mai da ita laifin da hukuma ke bi. Matar da aka kama tana asarar rabin dukiyar aurenta da sulusin abin da ta mallaka, kwarton yana asarar rabin nasa, a kai su tsibirai daban-daban. Mijin da ya kama matarsa bai sake ta ba, shi ma ana iya tuhumarsa da kawalci. Amma magidancin da ya je wa baiwarsa ko karuwa, babu abin da ya taɓa shi. Dokar ta dawo gidan mai ita: a shekara ta 2 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) Augustus ya kori 'yarsa Julia zuwa tsibirin Pandateria.

Haramcin da baƙonku na biyu yake nufi ya zo ne can baya, bayan sarakunan sun karɓi addinin Kirista. Akwai dokar shekara ta 342 Miladiyya, sai ta 390 a zamanin Theodosius wadda ta ambaci ƙonawa da wuta, sai Justinian a ƙarni na shida wanda ya danganta laifin da yunwa da girgizar ƙasa da annoba. Tsakanin labarin Publilius da dokar 390 akwai sama da shekara 700. Baƙonku na farko kuma ya tuna cewa ɓangaren yamma na daular ya faɗi a 476, shekara 86 bayan wannan doka mai tsanani, na gabas kuwa ya kai har 1453.

Ina roƙon ku sake waiwayar batun a wani shirin, ku ba shi lokaci fiye da minti ashirin, a kuma gayyato wanda zai yi magana a kan bayin Rum, domin ko sau ɗaya ba a ambace su ba a daren Lahadi.

Naku,
Wani tsohon malamin tarihi, daga Zariya