Roƙon Tallafi: A Taimaka Mu Rufe Azuzuwan Yaranmu Kafin Ruwa Ya Sauka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, malamanmu, alhazai da hajiyoyi, da ku tsofaffin ɗalibai na gida da na nesa: kwamitin kula da makarantar firamaren unguwarmu ne ke sallama a ƙofarku, kuma da ƙoƙon bara muka zo.

Ginin nan na gabas, inda da yawanku kuka koyi baƙi da wasali, tun zamanin UPE aka yi shi, shirin ilimin firamare kyauta da aka ƙaddamar a 1976. Kwanon da ke kansa shi ne na asali. Tsatsa ta cinye shi, ƙusoshi sun saki, gara kuma ta gama da katakon, har da yatsa kana iya huda shi. Iskar farkon daminar bara ta yaye rufin azuzuwa biyu ta watsa a gidan maƙwabta. Allah Ya sa cikin dare ne. Tun daga ranar 'yan aji ɗaya a gindin darbejiya suke karatu, da zarar hadari ya haɗo sai malama ta ce kowa ya ruga gida. 'Yan aji biyu kuwa an cusa su tare da 'yan aji uku, wasu a benci, wasu a kan buhu.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne bangon. Ya sha ruwan damina guda a buɗe, ga tsaga ta fito daga saman taga har ƙasa. Maginin da muka kira ya ce bana rufi da ɗaurin bango sun isa, amma in ya ƙara shan wata malkar, sai dai a rushe a sake tun daga tushe. Ba mu manta da benen makarantar da ya rufta a unguwar Busa Buji ta Jos a watan Yulin 2024 ba, inda rai 22 suka salwanta ana tsaka da karatu.

Wani zai ce ai aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, kuma mun kai takardarmu an karɓa. Sai dai ga yadda tsarin yake: a dokar UBE ta 2004, gwamnatin tarayya na ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta don ilimin matakin farko, amma jiha ba ta karɓar kasonta daga UBEC, hukumar tarayya mai kula da ilimin matakin farko, sai ta ajiye kwatankwacinsa, sannan a zaɓi makarantun da za a fara da su. Muna cikin layi, hadari kuma bai san layi ba.

Rufi muka sa a gaba: bandir ɗin kwano, katako, ƙusa, siminti da yashi. Benci da gyaran masai na 'yan mata su biyo baya in an samu rara. Mai kuɗi ya ba da abin da ya sawwaƙa, ko naira ɗari biyar ce. Mai shagon kayan gini ya ba da falle ɗaya na kwano, mun gode. Kafintoci da magina, kwana guda na gumin ku ya fi mana kuɗi. Samari kuma akwai gayyar ɗiban yashi ranar Asabar da safe.

Mun san abin da ke sa mutane ɗari-ɗari da irin wannan karo-karo. Don haka duk wanda ya bayar sai ya karɓi rasit, kuma kowace Juma'a za a manna lissafin shiga da fita a ƙofar ofishin hedimasta. Wanda ke son gani da idonsa ya zo, za mu zaga da shi.

Ana karɓar gudummawa a hannun ma'ajin kwamiti a makaranta, Litinin zuwa Alhamis kafin azahar, ko a ƙofar masallaci bayan an sauko Juma'a. Allah Ya sa a mizani, Ya raya mana zuri'a.

Kwamitin Kula da Makaranta