Zuwa ga ɗana Bashir, kan bidiyon da ka tsinta

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na shago, ina sanar da kai cewa yayarka ta faɗa mini abin da ka roƙe ta ta ɓoye mini, kuma kada ka ga laifinta, ni na tsare ta da tambaya. Ta ce an kawo maka tsohuwar waya gyara, ka tarar da bidiyo a katin memori, wasu mutane sanye da kaki suna harbe samari ɗaurarru a bakin rami, kuma wai kana shirin ɗora shi a Facebook. Tun daga daren nan barci ya ƙaurace mini.

Ban ce ka goge shi ba, kuma ba zan ce ba. Kisan wanda aka riga aka kama aka ɗaure laifin yaƙi ne, ko soja ya aikata ko ɗan tawaye, kuma waɗannan samari 'ya'yan wasu ne da wataƙila har yau suke jiran dawowarsu, kamar yadda Hajiya take jiran kawunka. Abin da nake tsoro shi ne kai. Mai wayar nan ya san shagon da ya kai ta, ya san fuskarka, kuma ranar da bidiyon ya bazu ba zai sha wahalar gano ta inda ya fita ba. Masu yaba maka a intanet ba ɗayansu da zai zo nemanka idan aka wayi gari shagonka a kulle.

Ka dubi yadda aka yi a Siriya. Bidiyon kisan unguwar Tadamon ta Damaskus, wanda aka ɗauka a 2013, wani saurayi ne ya ci karo da shi a kwamfutar da aka ba shi gyara, kamar dai kai. Bai watsa shi ba. Ya kwafa a ɓoye, ya kai ga masu bincike a Turai, kuma duniya ba ta gani ba sai a 2022, bayan an gano mai harbin, shi kuma saurayin ya fice daga ƙasar. Haka bidiyon kisan Musulmi shida daga garin Srebrenica na ƙasar Bosniya a 1995, ya shekara 10 kafin a nuna shi a shari'ar Milosevic, tsohon shugaban Sabiya, a birnin Hague a 2005, daga baya kotun Sabiya ta ɗaure mutum huɗu. A can ma akwai uwar da a talabijin ta gane ɗanta ana kashe shi. Ka taɓa tunanin matar da za ta ga nata a waya, ana turawa daga wannan zaure na WhatsApp zuwa wancan?

Sannan me ka sani game da abin da ka gani? Ba ka san garin ba, ba ka san shekarar ba, kuma kaki kaɗai ba hujja ba ce, tun da ka san su waye suka shigo mana cikin kaki a shekarar da muka bar gida. Lokacin da bidiyon harbe mata biyu da yaransu ya bazu a 2018, gwamnatin Kamaru ƙaryatawa ta fara yi, wasu har suna cewa a Mali ne, sai da masu bincike na BBC suka gwada tsaunukan da ke cikinsa da taswira, suka auna inuwa, suka tabbatar kusa da garin Zelevet na arewacin Kamaru ne a 2015, kafin a ɗaure sojoji huɗu shekara goma-goma a 2020. Wannan aikin masana ne, kuma abin da suke buƙata shi ne bidiyo na asali. Saboda haka kada ka yanke shi, kada ka sa masa rubutu ko sauti, kada ka tura shi ta Facebook ko WhatsApp, domin turawa a waɗannan kafafe tana share bayanan rana da na na'ura da ke manne da shi, sai lauyan mai laifi ya ce haɗawa aka yi.

Na ji ka ce wa yayarka irin shirunmu ne ya sa azzalumai suka raina talaka. Wannan magana ta yi mini zafi, Bashir. Kana goye lokacin da na yi ta yawon neman kawunka daga ofis zuwa ofis, kuma shirun da kake zagi shi ya raya ku har ka kai ga buɗe shago. Ba ka isa ka koya mini ɗacin zalunci ba.

Duk da haka na san zuciyar kirki ce ta motsa ka, kuma ina alfahari da ita. Ka adana kwafi ɗaya inda ba shago ba, ka rubuta ranar da ka same shi da yadda ya zo hannunka, ka mayar wa mai waya abarsa ba tare da fuskarka ta nuna komai ba, kada kuma ka ƙara nuna wa kowa. Ka taho gida ranar Juma'a, mu je wurin lauyan da ya taimake mu a wancan karo, shi zai faɗa mana ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa za a dosa ko wata hanya, da yadda za a ɓoye sunanka. Mahaifiyarka ba ta sani ba tukuna, kada ka yi mata zancen a waya. Allah Ya tsare mini kai, Ya yi maka albarka.

Ni ne mahaifinka.