Ba duk kwikwiyo mai kumfar baki ne mahaukaci ba

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a bani ɗan fili inyi magana kan ƴan kwikwiyo, duk da nasan wasu zasu ce ina ruwanmu da kare.

Da anga kwikwiyo yana kumfar baki yana karkarwa sai ace ai ya haukace, kowa ya nemo sanda. Alhali sau da yawa distemfa ce, wata ƙwayar bairos dangin ƙyanda da bushiyar shanu. Tafi kama ƴan wata 3 zuwa 6, lokacin da kariyar da suka sha a dakashin uwarsu ta fara ƙarewa. Da zazzaɓi take farawa, ido duk kwantsa, ga majina ga tari, wani harda amai da gudawa, sai kaga kamar ya warware har ya koma cin abinci, bayan sati 1 zuwa 3 kuma ta hau ƙwaƙwalwa da laka, nan ne zakaga muƙamuƙinsa na motsi kamar mai taunar cingam, tsokar ƙafa ɗaya tana ta zillo ko barci yake bata tsayawa, daga nan farfaɗiya, wani ƙafafun baya su mutu. Wanda ya tsira ma zillon nan kan bishi har tsufa. Mutum dai bata kamashi, amma ita ce ta kashe zakuna wajen 1,000 a dajin Serengeti na Tanzaniya a 1994.

To amma fa kar wani ya karanta wannan yaje yana tura hannu bakin kwikwiyo wai distemfa ce kawai. Da ido ba'a bambance ta da haukan kare, shi kuwa yana kashe mutane kusan 59,000 duk shekara a duniya. A killace kwikwiyon, a hana yara zuwa gun, a kira likitan dabbobi. In ya ciji wani a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 a tafi asibiti ranar.

Abinda ke bani haushi shi ne masu ɗura musu antibayotik, wallahi baya taɓa bairos. Rigakafi ne maganin abin, ana farawa a sati 6 zuwa 8 da haihuwa, a maimaita duk sati 3 ko 4 har yakai sati 16, na haukan kare kuma daga sati 12. Da yawa allura ɗaya sukeyi su ɗauka sun gama, alhali in kariyar uwa bata sake shi ba ta farkon ma bata kamawa.

Naku,
Mai karanta jaridarku